Wa ke taɓa jitar cikin dare?

Yaron ɗan makarantar lise ne a unguwar Birni, can bayan fadar Sarkin Damagaram. Jitarsa ta hannu ce, ya saye ta wurin wani ɗan kabu-kabu da ya taɓa zama a Agadas. Ba wanda ya koya masa. Da waya ya dinga bin kiɗan Bombino da na Mdou Moctar har yatsunsa suka yi kanta. Waƙoƙinsa da Hausa yake rubuta su a bayan littafin lissafi, sai dai duk lokacin da ya zo ɗora su kan kiɗan sai su ƙi zama: ya ja gaɓar da ba ta jawuwa, ya haɗiye wadda ke son ja. Abokansa na fada, in ana zagayen shayi, sukan ce kiɗan na Buzaye ne, baitin kuma baƙo ne a cikinsa.

Mahaifinsa ya ce gidansu ba gidan roƙo ba ne, jita ba za ta wuce zaure ba. Can take kwana a rataye.

Da shigowar hunturu abin ya ɓullo. Sai ya saita ta da dare, da safe ya tarar muryarta ta sauya. Ya fara ɗora wa iska laifi, kuma da hujjarsa, don bushewar hunturu na motsa katako. Manhajar saiti da ke wayarsa ce ta wanke iskar. Iska ba ta zaɓe, duk tsirkiya shida take taɓawa kaɗan-kaɗan. Nan kuwa sirara biyu ne kawai ke motsi, ɗaya a sassauce, ɗaya an ƙara mata ɗauri, kuma kullum a wuri guda suke tsayawa.

Zargi ya koma kan ƙanne, aka sha rantse-rantse har da kuka. Shi ma bai yi nisa ba. Ƙusar da jitar ke rataye ta fi ƙarfin hannun yaro, kuma yaro in ya sami kunnuwan jita murɗawa yake yi har sai tsirkiya ta tsinke. Wata gwaggo ta kawo zancen mutanen ɓoye. Ni dai na bar maganar inda ta ajiye ta.

Wata safiya ya ɗauke ta yadda ya same ta, ya kai wa wani dattijo a Zango da ke kaɗa jita a gidajen biki. Dattijon ya taɓa biyun nan, ya sake taɓawa, ya yi dariya. Ya ce ba lalata ta ake yi ba, saita ta ake yi, saitin gurmi. Gurmi ƙoƙon duma ne da aka rufe da fata, aka zura masa sanda, galibi tsirkiyarsa biyu. Da shi ake zuga 'yan kokawa tun kafin gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975. Irinsa ne Mamman Barka, ɗan Tasker da ya rasu a 2018, ya yi suna da shi kafin ya koma kaɗa biram. Sannan dattijon ya karkata jitar ga haske. A ƙasan tsirkiyoyin akwai ƙananan tabo jere, sawun zobe, don mai gurmi kan haɗa da bugun ƙoƙon da yatsa. Yaron ba ya sa zobe.

Saura a san ko wane ne. Zaure dai mutum uku ke riƙe da makullinsa. Yaron ya goge kunnuwan jitar tas da farin ƙyalle, ya kwanta. Da safe ya sake gogewa, sai ga ja a jikin ƙyallen, jan karan dafi, da ɗan warin bagaruwa. A gidan baduku ɗaya ne, yayan mahaifinsa, wanda ke wuni yana rina fata yana ɗinka jaka da kube, ba a taɓa jin ko fito daga bakinsa ba.

Ya same shi bayan la'asar a bakin aiki.

"Baffa, ku ne?"

Baffa bai ɗago daga basillarsa ba. Ya ce da yana saurayi shi ke rufe wa makaɗa gurmi da fata, daga nan hannunsa ya faɗa, har yakan bi 'yan kokawa zuwa Mirya ran kasuwa. Ubansu ya fasa gurmin a gabansa, ya ce baduku ba maroƙi ba ne. Waccan abar taku kuwa, in ji shi, huɗun nan na sama cika wuri kawai suke yi.

Yaron ya buɗe littafin lissafi, ya rera baiti ɗaya bisa saitin Baffa. Kalmomin suka zauna daram, kowace gaɓa da tsawonta. Baffa ya saurara har ƙarshe.

"Kiɗa ya yi, ɗana. Amma waƙarka ba ta da amshi. Ka taɓa jin Ma'azu Ɗan Alalo yana waƙa shi kaɗai kamar mai lissafin bashi? Je ka nemo abin da jama'a za su karɓa maka. Kuma ubanka, ni zan gaya masa, ba kai ba."