Ramuka tara: yadda ake lissafin maki da rangwame a gajerun gasannin golf

A wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke da nasara. Cikakken fili ramuka 18 ne, kowane rami kuma an yanke masa adadin bugun da ya kamata gwani ya yi kafin ƙwallo ta faɗa ciki: uku, huɗu ko biyar. Wannan ita ce ƙa'idar rami. Idan aka tara ta fili gaba ɗaya, yawanci 70 zuwa 72 ake samu. Matsalar ita ce zagaye ramuka 18 na cin wajen awa huɗu, ba kowane ma'aikaci ko ɗan kasuwa ke da wannan sukunin ba. Shi ya sa kulob-kulob ke shirya gasar ramuka tara da yamma, a gama cikin kamar awa biyu. Hukumar R&A da ke St Andrews a Sikotilan ma ta fara gasar ramuka tara ta masu sha'awa a 2016, aka buga wasan ƙarshe a filin Royal Troon.

To, ta yaya dattijo ɗan fansho da ya fara riƙe sanda bara zai kara da saurayin da ya tashi a filin, kuma a ce an yi adalci? A nan rangwame ya shigo, abin da 'yan wasan ke kira handikaf. Masu kallon folo a Katsina ko Kaduna sun san irinsa, sai dai a folo babbar lamba ta gwani ce, a golf kuwa gwani shi ke da ƙarama. Lambar tana nuna bugu nawa za a yafe wa mutum a kan ƙa'idar fili. Tun 2020 duniya ta koma kan tsari ɗaya wanda R&A da hukumar golf ta Amurka, USGA, suka fitar. Ana duba wasanni 20 na baya-bayan nan da mutum ya buga, a zaɓi takwas da suka fi kyau, a fitar da matsakaicinsu. Lambar ba ta wuce 54. A lura, ba abin da mutum ya saba bugawa take aunawa ba, abin da zai iya ne ranar da hannunsa ya faɗa.

Mutane da yawa na ɗauka cewa a gasar ramuka tara raba lambar biyu kawai ake yi. Da rabawar ake farawa, amma ba nan aka tsaya ba, domin fili ma yana da tasa lambar, mai nuna yadda yake wahalar da wanda bai ƙware ba. Tana kamawa daga 55 zuwa 155, ana ɗaukar 113 a matsayin tsaka-tsaki. Ɗauki mai rangwame 22. Rabinsa 11. Idan wahalar ramuka taran 124 ce, sai a ninka 11 da 124 a raba da 113, a samu 12. Akwai ɗan gyara kuma idan bugun da aka ƙiyasta gwani zai yi a filin ya bambanta da ƙa'idarsa. Mu ƙaddara a nan sun zo daidai. Daga nan, a gasar da kowa ke buga wa kansa, shawarar hukumomin ita ce a ba shi kashi 95 cikin ɗari, sai ya tashi da 11.

Waɗannan goma sha ɗaya ba a dunƙule ake ba shi ba. A jikin katin wasa an jera ramukan daga mafi wuya zuwa mafi sauƙi. Kowane rami zai samu bugu ɗaya, biyun da suka rage su tafi ga ramuka biyu mafi wuya. Ga shi a rami mafi wuya, mai ƙa'idar huɗu: ƙwallonsa ta faɗa cikin yashi, ya sha fama, sai a bugu na shida ta shiga. A cire biyu, saura huɗu. Abokin karawarsa mai rangwame 4, wanda lissafi ya ba shi bugu biyu kacal a ramuka taran, ya shigar a bugu biyar, a cire ɗaya, shi ma huɗu. Sun yi kunnen doki ke nan.

Galibin irin waɗannan gasanni da maki ake yinsu, ba da tara bugu ba, bisa tsarin wani likita, Frank Stableford, wanda aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932. Bayan an cire rangwame, wanda ya dace da ƙa'idar rami yana da maki biyu. Ya haura da bugu ɗaya, maki ɗaya. Ya rage ɗaya, maki uku. Ya rage biyu, huɗu. Ya haura da biyu ko fiye, ba shi da komai, sai ya ɗauke ƙwallonsa ya wuce gaba. A ganina wannan ne ya sa tsarin ya dace da gajeren wasa: rami ɗaya da ya lalace ba ya rushe wa mutum yammacinsa duka, kuma na bayansa ba sa tsayuwa jiransa har magariba. Wanda ya buga daidai gwargwadon rangwamensa zai tashi da maki 18.

Gwanaye kan yi ƙorafi cewa ramuka tara gasar masu babban rangwame ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wasan wanda bai ƙware ba hawa da sauka yake yi. A ramuka 18 sa'arsa kan ƙare kafin a tashi, a tara kuwa yana iya kammalawa kafin ta gudu. Kashi biyar ɗin nan da ake zaftarewa ya fi cizon mai babbar lamba, amma bai kashe bakin tsanyar gaba ɗaya ba. Idan aka yi canjaras, yawanci makin ramuka shida na ƙarshe ake dubawa, sannan uku, sannan na ƙarshe.

Sakamakon gajeren wasa yana shiga lissafin rangwamen mutum. A da, a wasu ƙasashe, sai an haɗa wasanni biyu na ramuka tara kafin a ƙirga su ɗaya. Daga 2024 kwamfuta ke cike gurbin sauran taran da abin da ake tsammanin mai irin wannan lamba zai buga. Haka ma idan hadari ya taso ko duhu ya yi aka tsaya a rami na 14, ana cike ragowar, muddin an buga aƙalla goma kuma dalilin tsayawar karɓaɓɓe ne.

Duk wannan lissafi a kan katin da abokin wasanka ya rubuta maka ya dogara, kai kuma ka duba ka sa hannu. Akwai masu ɓoye kyawawan sakamakonsu don lambarsu ta kumbura kafin gasa mai kyauta, shi ya sa kwamitin kulob ke da ikon rage wa mutum lamba. Tara jimla aikin kwamiti ne, amma adadin kowane rami a wuyanka yake. Ka sa hannu a kan ƙasa da abin da ka buga, an kore ka daga gasar. Ka sa a kan fiye, haka za a bar maka shi. A gasar Masters ta 1968 an rubuta wa Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina huɗu a rami na 17 alhali uku ya buga. Ya sa hannu bai lura ba, kuma da wannan bugu ɗaya Bob Goalby ya ɗauki kambun.