Daga Bakin Mai Ganin Wata Zuwa Fadar Sarkin Musulmi

 

A daren talatin ga Sha'aban na wata shekara ina baƙunta a wani ƙauye na ƙasar Maiyama, sai ga wani manomi ya zo masallaci bayan Magariba ya ce shi da maƙwabcinsa sun ga jinjirin wata. Liman ya san su da adalci, ya karɓi shaidarsu, ya aiki yaro gidan hakimi. Ashe hakimi ya tafi Jega ta'aziyya, wayarsa kuma ba ta shiga, kuma duk garin babu wanda yake ganin ya isa ya tsallake shi ya kira uban ƙasa. Nan labarin ya kwana. Allah ya sa an ga watan a wasu garuruwa, sanarwa ta fito daga Sakkwato. Da a ce shaidar mutanen nan biyu ita kaɗai ce a wannan dare, da al'umma ta sha ranar farko ta Ramalana.

To, laifin wane ne? Manomi ya sauke nauyinsa, liman ya sauke nasa, ta'aziyya kuwa haƙƙi ce. Aibin yana ga shirin kansa, watau hanya ɗaya tak aka yi wa labari, in gaɓa guda ta tsinke sai komai ya tsaya. Masana harkar gudanarwa na wannan zamani, irin su Deming na Amurka, a kan haka suke nanatawa, cewa galibin kurakuran ma'aikata daga tsarin aikin suke fitowa, saboda haka a dubi yadda sassa suke haɗuwa kafin a kama mutum ɗaya da laifi.

Magabatanmu sun riga sun lura da wannan. Cikin 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba kulawa da daula biyu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, domin ƙasar ta fi ƙarfin kunne ɗaya. Shi ya sa daga baya Nufe da Ilori suke kai al'amuransu Gwandu. Sa'an nan aka yi wa sarakunan larduna ƙofa, watau wani babba a fada wanda ta hannunsa wasiƙunsu suke shiga, kuma ta hannunsa amsa take fita da hatimi a kanta. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima shi ne babbar ƙofar gabas. Abin lura a nan shi ne kowace wasiƙa tana da mai ita, wanda za a tambaya in ta ɓata.

Sai dai saukar umurni daga sama ta fi hawan koke daga ƙasa sauƙi, kuma mu mutanen Jega bai kamata a tuna mana wannan ba. Malam Abdussalami na Gimbana yana cikin almajiran Shehu na farko, amma yana ganin ba a yi masa rabon da ya dace da shi ba. Bayan rasuwar Shehu cikin 1817 sai ya yi tawaye a Kware. Sun yi musayar wasiƙu da Bello, waɗanda Bello ya kawo cikin Sardul Kalami, abin ya ƙare da yaƙi da rasuwarsa a farkon 1818. A fahimtata, wasiƙun sun zo ne bayan zuciya ta riga ta cika. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega a ƙarƙashin Gwandu.

Yau matsalar ta ƙaru ta wani gefen. Hanyar hukuma tana tafiyar hawainiya, alhali saƙon WhatsApp da ba a san mafarinsa ba yakan gama kasuwar albasa ta Aliero kafin a idar da Isha'i. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umurce mu da bincika labari kafin aiki da shi, malaman tafsiri kuma sun ce ta sauka ne a kan manzon da aka aika karɓar zakka wurin Banul Musɗaliƙ ya komo da labarin da ba haka yake ba. Amma bincike yana bukatar wurin da za a je a tambaya, in babu shi jita-jita ce za ta cike gurbin.

Shawarata ga kwamitocin masallatan Juma'a na waɗannan ƙananan hukumomi uku ita ce, tun kafin Sha'aban ya kama, uban ƙasa da kansa ya ambaci mutum na biyu da liman zai kira in bai sami hakimi ba, don kada a ɗauki kiran raini ne. Kuma duk wanda ya kawo shaida a komo masa da amsa, an karɓa ko ba a karɓa ba, da dalili. Manomin nan na Maiyama babu wanda ya koma ya ce masa uffan, da shekara ta zagayo kuwa bai ko fita duban wata ba.