Takalmin birkin baya: abin da direban Illela zai duba

Motar da ta ɗauko kaya daga kasuwar Illela ta nufi Sakkwato ta Gwadabawa da Kware, ko ta tsallaka Birnin Ƙonni, nauyinta a baya yake taruwa. Birkin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi yawa na tsayar da mota, amma idan aka lafta buhunan albasa a but, aikin na baya yana ƙaruwa. Duk da haka shi ake mantawa da shi sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Takalmin birki iri-iri ne. Mai haɗin ƙarfe yana jure zafi da lodi, sai dai yana ƙara kuma yana cin faifai. Mai laushi ba ya ƙara, amma yana saurin ƙarewa, balle inda rairayi ke shiga ƙafa. Akwai na motocin tsere, wanda ba ya kamawa sosai sai ya ɗau zafi, don haka bai dace da motar haya ba komai tsadarsa.

Babban haɗari shi ne a sa wa baya takalmin da ya fi na gaba kamu. Idan ƙafafun baya suka riga ƙullewa, motar na iya juyawa da mutanen cikinta. A sayi takalmin da ya yi daidai da samfurin motar, a canza dama da hagu tare, kuma kada kaurinsa ya gaza milimita 3. A yawancin motocin Golf masu faifai a baya, murɗa fistan ake yi ya koma. Bakaniken da ya danna shi da ƙarfi zai lalata birkin hannu.