Baƙin Mai a Kofin Man Birki: Shawarar da Ke Iya Kashe Fasinja

Kwanan nan wani saƙon murya ya karaɗe wayoyin direbobi da 'yan kamasho, daga tashar Bukkuyum har Gummi da Anka. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garejin da ya yi koyo ba, amma ya zauna ya jero dabaru biyar na maganin kulocin da ya yi tauri ko yake fizgar mota in an zo tashi. Samari masu Golf suka karɓe shi hannu bibbiyu suna ta turawa. Huɗu daga cikin dabarun, iyakar ɓarnarsu aljihu. Ta biyar kuwa rai take taɓawa, don haka a kanta zan tsaya.

Bari mu sallami huɗun tukuna. Ya ce motar gudu dama kulocinta da nauyi yake zuwa. Akwai ƙamshin gaskiya: inji mai ƙarfi, irin na Golf GTI da Volkswagen ta fara fitarwa a 1976, yana buƙatar maƙulli mai tauri don kada farantin kuloci ya riƙa sulɓewa. Amma in da can kulocinka da laushi, sannu a hankali ya yi nauyi, wannan lalacewa ce. Ya ce robobin da inji ke zaune a kansu in sun mutu suna sa fizga; nan ya yi daidai. Ya ce a riƙa ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya don ya saba. Ƙarya ce, cinye boris kawai ake yi. Ya ce a riƙa tashi da giya ta biyu. Wannan ƙona faranti ne da gangan, musamman ga motar da aka lafta wa buhunan hatsi.

Ta biyar ita ce: wai a buɗe kofin man birki a zuba cokali biyu na baƙin mai, ko ɗan kananzir, kuloci zai yi laushi kamar sabo. Duk wanda ya fara furta wannan magana, ko dai bai san mota ba, ko bai damu da wanda zai shige ta ba.

Ga dalili. Kuloci iri biyu ne a motocin da muke hawa. Akwai mai waya, kamar na Golf 2 da yawancin Golf 3 masu ƙaramin inji. Wannan babu ruwansa da kofin mai ko kaɗan, in ka zuba wani abu a kofin, birkinka kaɗai ka shayar. Akwai kuma mai aiki da mai, kamar na Golf 4 da Sharan. A waɗannan, kofi ɗaya ne ke ciyar da kuloci da birki. Ko ta wace hanya aka bi, abin da aka zuba zai gangara cikin birki.

Man birki, wanda ake rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa, ba dangin fetur ba ne. Robobin da ke cikin famfon birki da tiyoyinsa an yi su ne don su zauna da shi. Baƙin mai da kananzir da gas kuwa daga ɗanyen man fetur suke, kuma wannan robar shan su take yi. In bakanike ya zaro ta daga famfon motar da aka yi wa haka, za ka gan ta ta kumbura, ta yi laɓo-laɓo, ka matsa ta da yatsa ta lotsa, ba ta ma komawa gurbin da ta fito. Robar da ta kumbura, ɗayan biyu take yi: ko ta toshe ƙofar da mai ke komawa, birki ya riƙe taya har ya ɗauki zafi, ko ta saki mai, ka taka birki ya tafi ƙasa babu komai.

Abin da ba wanda zai iya yanke maka shi ne ranar da hakan zai faru. Ya danganta da yawan abin da aka zuba da tsufan robobin. Wannan jinkirin shi ke yaudarar mutane: wani zai rantse ya zuba, ga shi yana ta lodi lafiya lau. Ba na ƙaryata shi. Amma lafiyar mako guda ba shaida ba ce, kuma laushin da yake ji a ƙafarsa yana iya zama alamar robar ta fara saki.

Ban ga laifin direban da ya gaskata ba. Mutumin da ya yini yana taka kuloci mai tauri a ramukan hanyar Anka zuwa Daki Takwas, gwiwarsa ta san abin da ake ciki. Kayan gyara sun yi tsada, sau da yawa sai an aika Gusau ko Sakkwato, ga mai mota na jiran balas. Kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki: ba wanda ke son mota ta tsaya masa a daji da la'asar sakaliya. Wanda ke cikin wannan hali, in aka ce masa ga magani na cokali biyu, dole ya saurara. Sai dai garin neman gira ake rasa ido.

To mene ne gyaran gaskiya? In mai waya ne, yawanci wayar ce ta bushe da ƙura ko ta fara tsinkewa a cikin rigarta. A sauya ta. In mai aiki da mai ne, a duba famfon sama da na ƙasa, a fitar da iska, a sa sabon mai. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa Volkswagen ke cewa a riƙa sauya shi duk shekara biyu. In duk an yi haka nauyin bai tafi ba, faranti da maƙullinsa sun ƙare, sai an sauke giyabos. Fizga kuwa, bayan robobin inji, a duba ko mai na yoyo a kan faranti.

Wanda kuma ya riga ya zuba, ko ya sayi mota yana shakka, ya ɗebi kaɗan daga kofin ya ɗiga a ruwa. Man birki na DOT 3 da DOT 4 narkewa yake ya bi ruwa. Baƙin mai da kananzir tasowa suke su kwanta a sama. In ka ga ya taso, ajiye motar. Tsiyaye man kaɗai bai wadatar ba, don robar ta riga ta sha. Sai an wanke layin gaba ɗaya, an sauya duk wata roba da man ya taɓa.

Shugabannin tasha, wannan aikinku ne: ku faɗa wa direbobinku da baki, ku duba kofin kowace mota kafin ta shiga layi. Kai kuma da ka tura saƙon, ka koma duk inda ka tura shi ka warware, yau ɗin nan. Fasinjan da ya biya kuɗin mota bai san abin da aka zuba a birki ba, amanarsa tana wuyan wanda ya sani.