Tsiron Da Ke Farautar Ƙwari: Yadda Ake Renon Sa Har Ya Yi Fure

A al'ada, ƙwaro ne ke cin ganye. Amma akwai tsirrai da Allah Ya hore wa juya wannan ƙa'ida, cikinsu har da wanda masana ke kira Pinguicula. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin kitse, saboda ganyensa na sheƙi tamkar an shafa masa man shanu. Wannan sheƙin kuwa tarko ne: ƙananan ƙwari su sauka su maƙale a kan danƙon, sai ganyen ya fitar da sinadarin da zai narkar da su. Charles Darwin ya yi nazarin haka a littafinsa na 1875 kan tsirrai masu cin ƙwari. Mutanen arewacin Turai kuma sun daɗe suna sa ganyensa a madara don ta yi kauri, kwatankwacin yadda ake haɗa kindirmo.

Tsiron ba na ƙasar Hausa ba ne. Da yawa daga cikin ire-irensa a tsaunukan Meziko suke, suna fitowa a jikin duwatsu inda ƙasa ba ta da albarka. Rashin abinci a ƙasa shi ya sa yake farauta, kuma a nan ne masu renon sa ke yin kuskure. Duk wanda ya zuba masa taki ko kashin kaji, ya ƙona saiwarsa, domin saiwar siririya ce, ba ta jure gishiri. Abin da yake so shi ne cakuɗen yashi mai tsabta da tsakuwa mara nauyi, a tukunya mai huda.

Haka batun ruwa. Ruwan burtsatse da na rijiya kan ɗauko ma'adanai da ke taruwa a tukunya sannu a hankali, don haka ruwan sama ya fi. A zuba shi a faranti ƙarƙashin tukunyar, kada a wanke danƙon ganyen. A ajiye shi kusa da taga mai haske, nesa da ranar tsaka. Zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato kan haura digiri 40, abin da tsiron tsauni ba ya so. Yanayin Jos ya fi dacewa da shi.

Sirrin fure yana ga mutunta lokacin hutunsa. Ire-iren Meziko, kamar Pinguicula moranensis, suna zubar da manyan ganyayen farauta idan rani ya shigo, su fito da ƙanana masu ajiye ruwa. Mai gaggawa zai ɗauka tsiron na mutuwa, ya yi ta ɗura masa ruwa har ya ruɓe. Kamata ya yi a rage ban-ruwa sosai har sai manyan ganyaye sun dawo. Tsiron da ya huta shi ke fitar da fure mai ruwan hoda ko shunayya, a kan dogon sanda da ke nesanta ƙwari masu ɗaukar barbara daga tarkon.

Daga waɗannan ƙananan ganyaye ake samun iri: a cire guda a hankali, a ɗora a kan damshin yashi, cikin 'yan makonni ya tsiro. Saboda haka babu hujjar sayen wanda aka tumɓuke daga daji, alhali wasu ire-iren a 'yan tsirarun duwatsu kaɗai suke rayuwa. Mai son ganin furensa sai ya haƙura ya bar shi da talaucin da ya saba da shi.