Tunisiya: Tsaunukan Kroumirie, inda daji ke ciyar da jama'a

Galibin mutanenmu da ke zuwa Tunisiya jinya, karatu ko kasuwanci ba sa wuce birnin Tunis da bakin teku. Amma a arewa maso yammacin ƙasar, dab da iyakar Aljeriya, akwai tsaunukan Kroumirie da daji ya lulluɓe, suna fuskantar Bahar Rum.

Babban masauƙin baƙi shi ne garin Aïn Draham a jihar Jendouba, mai tudun kusan mita 800. Iskar teku na hawa tsaunukan ta yi sanyi ta zubar da ruwa, shi ya sa garin ke samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, kusan ninki uku na abin da Yamai ke samu. Ruwan yana sauka ne da hunturu, wani lokaci har da dusar ƙanƙara. Saboda haka rufin gidajen a karkace yake, na jan tayil.

Arzikin dajin shi ne itacen da Faransawa ke kira chêne-liège. Ba a sare shi, ɓawonsa ake ɓarewa bayan kimanin shekara goma a yi abin toshe kwalba, itacen kuma ya sake wani. Iyalai da dama na rayuwa da wannan aiki, da zuma da sassaƙa.

Mai ziyara zai iya shiga gandun dajin El Feija da aka kafa a 1990 domin kare wata irin barewa ta arewacin Afirka, ko ya yi wanka a ruwan zafi na Hammam Bourguiba. Tekun Tabarka na da nisan kimanin kilomita 25. A kusa da birnin Jendouba kuma akwai kufan Bulla Regia, inda Rumawa suka gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa don gudun zafi. Daga Tunis ana zuwa a ƙananan motocin haya da ake kira louage.

Sai dai yankin na cikin mafi talauci a ƙasar, kuma gobara na barazana ga dajin, kamar wadda ta ci dajin Melloula kusa da Tabarka a Yulin 2023. Don haka baƙo ya guji hura wuta ko yar da guntun taba, ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora, ya sayi kayan mutanen ƙauye. Watan Afrilu zuwa Yuni ne lokacin da ya fi daɗin zuwa. Mai zuwa da hunturu kuwa ya riƙe rigar sanyi mai kauri.