CIWON BARCIN DA BA NA ƘUDAN TSANDO BA, DA WAHALAR MAGUNGUNANSA

Duk ɗan Arewan da ya ji an ce ciwon barci, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne wanda ƙudan tsando ke kawowa, watau wanda ya addabi ƙasar Zazzau a zamanin Turawa har aka gina sabon gari mai suna Takalafiya kusa da Anchau aka mai da jama'a can. To, akwai wani ciwon barcin dabam wanda ba ruwansa da ƙuda, ba a ɗaukarsa daga jikin wani, kuma yana iya samun mutum ko a Kano yake ko a Agege. Likitoci suna kiransa nakolefsi, sunan da wani likitan Faransa da ake kira Gélineau ya raɗa masa a 1880. An kiyasta cewa cikin mutum 2,000 akan sami kamar ɗaya mai shi, kuma galibi yakan fara ne tsakanin shekara 10 da 30 da haihuwa, watau daidai lokacin da saurayi ke ɗaukar jakarsa ya nufo Kurmi neman abinci.

Mai wannan ciwo barci ne ke fizgarsa da rana tsaka ko da ya kwana yana barci. Yana cikin ciniki ko cin abinci, ko ma magana, sai kawai ya ɓingire, bayan 'yan mintoci ya farka garau, in an jima kuma abin ya dawo. Da yawansu suna da wata alama ta biyu wadda ta fi tsorata mutane: idan suka yi dariya mai yawa, ko suka fusata, ko wani abin mamaki ya same su, sai jikinsu ya sake, gwiwa ta sage, haɓa ta faɗo, wani ma ya zube ƙasa. Sunan wannan a asibiti katafleksi. Ga kuma dannau, da ganin abubuwa ko jin muryoyi daidai lokacin da barci zai ɗauki mutum ko zai sake shi. Ba abin mamaki ba ne da ake cewa iska ce, ko farfaɗiya, ko kuwa tsabar lalaci. A ƙasashen da likitoci suka wadata ma, mutum yakan kai shekara goma yana fama kafin a gane abin da ke damunsa.

Sai a 1998 masu bincike a Amurka suka gano wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna oreksin, wanda aikinsa shi ne riƙe mutum a farke. A 1999 Dokta Emmanuel Mignot na Jami'ar Stanford ya gano cewa karnukan da ke da irin wannan ciwo matsalarsu tana da alaƙa da wannan sinadari, a 2000 kuma aka tabbatar cewa mutanen da ke zubewa in sun yi dariya kusan ba su da shi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke yin sa ne suka mutu, kuma ba sa dawowa. Shi ya sa magungunan da ake bayarwa ba warkarwa suke yi ba, rage wahala ne, kuma shansu na tsawon rai ne.

Amma fa kada kowane mai gyangyaɗi ya ce ai shi ke nan ya gano ciwonsa. Mai gadin da ya kwana a zaune sa'an nan ya wuni yana dako a Mile 12, rashin barci ne ke damunsa. Akwai kuma mai ƙiba mai minshari wanda numfashinsa ke yankewa cikin dare, da mai ƙarancin jini, da mai ciwon sukari. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yana iya rarrabewa, kuma irinsu ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa kamar na Idi-Araba a Ikko da na Badun. Cikakken gwajin shi ne a kwana da mutum an maƙala masa na'ura, kashegari a ba shi damar yin barci sau biyar, tsakanin kowanne awa biyu, a ga saurin da barci ke ɗaukarsa da kuma saurin shigarsa mafarki.

KOWANE MAGANI DA NASA

Maganin da likitoci suka fi farawa da shi don hana barcin rana shi ne modafinil, wanda Amurka ta yarda da shi a 1998. Abin da masu shansa suka fi kuka da shi ciwon kai ne, sai tashin zuciya, da bushewar baki, da rashin cin abinci, da wani irin rashin natsuwa. Sau da yawa waɗannan sukan lafa bayan 'yan makonni, musamman idan likita ya fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Shan ruwa sosai yana taimakawa, kuma duk wanda ya san zafin tashar mota a watan Maris ya san ba kowa ke shan abin da ya isa ba. Idan aka sha shi da yamma sai ya hana barcin dare, gobe kuma barcin rana ya ninka. Saboda haka da safe ake shansa, wani kuma likita ya raba masa biyu, safe da tsakar rana. Abu ɗaya ne ba ya jiran ranar komawa asibiti: idan ƙuraje suka feso a jiki, balle in da zazzaɓi ko gyambo a baki ko a ido, sai a dakatar da shi a garzaya asibiti a ranar. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana iya kisa.

Mata suna da nasu lissafin. Modafinil yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, da irin wanda ake sa wa mace a damtse, kuma raunin yana ci gaba har wata ɗaya zuwa biyu bayan an daina shansa. A 2019 hukumomin magunguna a Turai da Kanada suka yi gargaɗi cewa kada mai ciki ta sha shi saboda yana iya yi wa ɗan tayi lahani. Wannan magana ce da ya kamata miji da mata su ji ta tare daga bakin likita, domin kunya takan hana mace tambaya.

Tsofaffin magungunan kuwa su ne amfetamin, wanda aka fara ba masu wannan ciwo tun 1935, da Ritalin. Suna da ƙarfi, kuma wahalarsu ma tana da ƙarfi: bugun zuciya da sauri, hawan jini, rama, saurin fushi, ga haɗarin jiki ya saba har ya riƙa neman ƙari. Mai shansu dole ya riƙa auna jininsa a kai a kai, kuma tun da cin abinci ke ɗaukewa, gara ya karya kumallo sosai kafin ya haɗiya. Akwai sababbi biyu, pitolisant wanda Turai ta yarda da shi a 2016 da solriamfetol na 2019. Na farkon shi ma yana taɓa ƙwayoyin tazarar haihuwa, na biyun yana iya ɗaga jini.

Ga masu zubewa kuwa, akan ba su irin magungunan da ake ba masu ciwon damuwa, kamar venlafaxine ko fluoxetine ko clomipramine. Ba wai don an ɗauke su mahaukata ba ne, a'a, magungunan ne ke danne sakin jikin. Sukan kawo gumi, da bushewar baki, da taurin bayan gida, da kuma raunin sha'awa ko na mazakuta. Wannan na ƙarshen shi ne wanda magidanci ba zai faɗa ba, sai dai ya jefar da maganin shiru ya koma wajen mai maganin maza a bakin kasuwa. A nan ne haɗarin yake. Wanda ya yanke irin wannan magani farat ɗaya, zubewar takan dawo fiye da da, har ta riƙa zuwa a jere cikin wuni guda. Likita yana iya rage shi, ko ya sauya wani, amma sai an gaya masa. Haka nan mai shirin tafiya gida sallah ko biki ya tabbata ya riƙe wanda zai ishe shi har ya dawo.

Akwai wani na ruwa, Xyrem, da aka fito da shi a Amurka a 2002. Da dare ake shansa sau biyu, na biyun bayan awa biyu da rabi zuwa huɗu. Yana aiki ƙwarai, amma yana kawo jiri da amai da fitsarin kwance da tafiya cikin barci, yana da gishiri da yawa, kuma haɗa shi da giya ko maganin sa barci yana iya tsai da numfashi. Tsadarsa ta wuce misali, ko a can ma ba a kan kanta ake sayar da shi ba. A 2025 kamfanin Takeda na Japan ya ba da sanarwar cewa babban gwajin wata ƙwaya da ke yin aikin oreksin ɗin da ya ɓace ya yi kyau.

ƘWAYAR TASHA

Gaskiyar magana ita ce yawancin 'yan ci-rani ba asibiti suke fara zuwa ba. Direban tirela ko ɗan acaɓan da barci ya dama, abokansa ne likitocinsa, kuma abin da za su miƙa masa a tasha shi ne tiramol ko wata ƙwaya marar suna. Tiramol ba maganin barci ba ne, maganin ciwo ne mai kama jiki, yana sa fizge-fizge irin na farfaɗiya, kuma haɗuwarsa da venlafaxine ko fluoxetine tana iya kai mutum gadon asibiti. Ga kuma 'yan NDLEA da ba za su tambayi dalili ba. Wanda likita ya rubuta wa Ritalin ma ya riƙa yawo da takardarsa a aljihu, musamman a hanyar Arewa mai yawan shinge. A wani ɓangaren kuma akwai magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, waɗanda ke ƙara wa mai barci barci. Kafin a karɓi komai a kemis, a faɗa wa mai kantin abin da ake sha.

Goro da shayi da kofi fa? Suna ɗan taimakawa, ba wanda ya hana, sai dai ba su isa su tsaya a madadin magani ba. Idan aka tara su a kan modafinil ko Ritalin, hannu ya yi ta rawa zuciya ta yi ta bugawa. Daga la'asar kuwa gara a ajiye goro, don kada ya ci barcin dare.

ABIN DA BA A SAYA DA KUƊI

Babbar dabarar da likitocin barci suka yarda da ita, abin da Bahaushe ya daɗe da sani ne, watau ƙailula. Barcin minti 15 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu ko uku a rana a kan lokaci tsayayye, yana sa mai wannan ciwo ya farka da ƙarfi na awa ɗaya ko fiye, wani ma har likita ya rage masa magani, wahalar maganin ita ma ta ragu. Bayan azahar lokaci ne mai kyau, kuma a kowane Sabo ba a rasa masallaci ko rumfar da mutum zai miƙe. Sharaɗin shi ne kada ya zarce, sai a sa wani ya tashe shi ko a saita agogon waya. Mai shago da ya ba yaronsa wannan minti ashirin bai yi asara ba, ya fi a ce yaron ya yi gyangyaɗi a kan kuɗin ciniki.

Sai tsare lokacin kwanciya da na tashi, kullum iri ɗaya. Wannan yana da wuya ga wanda ke kwana su takwas a ɗaki guda, wani na shigowa wani na fita, amma ko ba komai a guji aikin dare. Gadi da tuƙin dare ba sana'ar mai nakolefsi ba ce. Abincin rana mai nauyi, malmalar tuwo ko teba ko amala, yana jawo barci ko ga mai lafiya, don haka gara a ci kaɗan da rana a haɗa da wake ko ƙwai ko nama. Ciwon kansa yana sa ƙiba, saboda haka tafiyar ƙafa ko motsa jiki na kamar rabin awa a rana yana da amfani biyu, muddin ba dab da kwanciya ba. Mai shan taba ya tuna cewa barci yana iya ɗaukarsa da ita a hannu a kan katifa.

Azumi yana bukatar shiri tun a Sha'aban, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke shan magani da tsakar rana ya zauna da likitansa a ga ko za a iya mai da shi lokacin sahur, kada ya yanke da kansa. Inda abin ya gagara, malamai sun san rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya.

Maganar tuƙi ita ce mai ɗaci, domin ita ce abincin mutane da yawa. Wanda barci ke fizgarsa kuma ba a shawo kan ciwon ba, bai kamata ya riƙe sitiyari ko kan babur ba, balle tankar mai daga Apapa zuwa Kano. Buɗe taga da tauna goro ba sa hana komai. Ko wanda magani ya karɓa, likita ne zai ce ko ya yi tuƙi, kuma gajere, bayan ya yi ƙailula. A nan ne sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin direbobi za su iya yin abin kirki, su sama wa irin wannan mutum wani aiki a tasha, na rubuta kaya ko karɓar kuɗi, maimakon ya ɓoye ciwonsa don tsoron kora. Mai tuƙa tuwo, da mai suya, da mahauci, da mai hawa gini, su ma su duba sa'o'in da barci ya fi kama su, su kauce wa wuta da wuƙa da tsani a lokacin.

Idan kuwa abokin zama ya zube ana cikin raha, abin da za a yi kaɗan ne. A tare kansa kada ya bugu, a janye shi daga wuta ko titi, a bar shi. Kada a kwara masa ruwa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura masa komai. Ba ya kumfa, ba ya fizge-fizge irin na farfaɗiya, numfashinsa yana nan, kuma cikin daƙiƙoƙi ko minti ɗaya zuwa biyu zai tashi da kansa. A kuma yi hattara da abin da ake faɗa a kansa, domin duk tsawon lokacin da yake kwance yana jin kowace kalma.